ƊAKIN KIƊA YA KOMA CIKIN KWAMFUTA: INA MATSAYIN KALANGU?

Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin ɗakunan ɗaukar waƙa da ke Titin Gidan Zoo a birnin Kano yana tsammanin zai tarar da ganguna da makaɗa, to, lalle zai fito yana mamaki. Abin da zai gani bai wuce tebur ɗaya ba, da kwamfuta, da lasifika biyu, da ɗan ƙaramin fiyano, sai kuwa wani lungu da aka lulluɓe bangonsa da soso inda mawaƙi ke tsayawa gaban makirufo. Saurayi guda ne ke zaune gaban allon, amma kafin la'asar sai a ji kiɗa ya tashi kamar na mutum ashirin, da ganga da sarewa da molo, har da 'yan amshi, alhali kuwa muryar mutum ɗaya ce aka ninninka.

A zamanin marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba a ɗaukar waƙa sai makaɗan kalangu da 'yan amshi sun hallara gaba ɗaya a gidan rediyo, kowa ya kama wurinsa, in kuwa ɗaya ya yi kuskure sai a koma farko. Yanzu duk wannan aiki ya koma hannun wasu manhajoji da ke cikin kwamfuta. Tun da yake su ne ke yanke irin sautin da ke shiga kunnen jama'a a gidan biki da cikin mota da kasuwa, ya kamata a san ko mene ne su, da inda suka fito, da abin da ke cikinsu, da kuma abin da ba a sa a cikinsu ba.

MENE NE FULOGIN?

Manhajojin nan iri biyu ne. Akwai babbar manhaja, wadda ita ce makwafin ɗakin ɗaukar waƙar kansa. A cikinta ake ɗaukar murya, a jera kowane sauti bisa layinsa, a yanke, a liƙa, sa'an nan a haɗa duka su zama waƙa ɗaya. FL Studio da Cubase da Pro Tools da Ableton Live da Logic duk irin wannan ne. Sa'an nan akwai ƙananan manhajoji waɗanda ba su aiki su kaɗai sai an cusa su cikin babbar, kamar dai yadda ake cusa fulogi a jikin soket. Daga nan ne suka sami sunansu, watau fulogin.

Su ma fulogin ɗin sun kasu kashi biyu. Kashi na farko su ne masu gyaran sautin da aka riga aka ɗauka. A cikinsu akwai mai daidaita kauri da siranta, wanda ke rage gurnanin da ya yi yawa a murya ko ya ƙara mata zaƙi. Akwai mai matse sauti, wanda ke danne inda mawaƙi ya ɗaga murya ƙwarai, domin a ji raɗarsa da kururuwarsa kusan daidai wa daida. Akwai kuma mai amsa-kuwwa, wanda ke sa muryar da aka ɗauka a ƙuntataccen lungu ta yi amo kamar a cikin babban zaure aka yi ta. Kashi na biyu kuwa su ne masu fitar da sauti da kansu, watau kayan kiɗa na cikin kwamfuta. Wasunsu ƙirƙirar sautin suke yi da lissafi, wasu kuma sautin kayan kiɗa na gaske ne aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya aka ajiye, in an taɓa fiyano sai su sake shi.

ASALIN ABIN

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan a da na'ura ce ta ƙarfe mai nauyi da tsada. Misali, a 1957 wani kamfani na ƙasar Jamus mai suna EMT ya fito da na'urar amsa-kuwwa wadda ake kira EMT 140. Faffaɗan fallen ƙarfe ne aka rataye cikin akwati, sauti na girgiza shi, kuma nauyinta ya kai kilo 270. A yau akwai fulogin da dama masu kwaikwayon sautinta, kuma mutum na iya tafiya da su cikin aljihunsa.

Matakin farko na wannan sauyi ya zo a 1983, sa'ad da masu ƙera kayan kiɗa na lantarki suka amince da wani harshe guda da na'urorinsu za su riƙa magana da juna, wanda aka sa wa suna MIDI. Dave Smith na ƙasar Amurka da Ikutaro Kakehashi, mai kamfanin Roland na Japan, su ne kan gaba a wannan aiki. Abin lura shi ne, MIDI ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan, umurni kawai yake kaiwa: wane maɓalli aka taɓa, da wane ƙarfi, wanda ake aunawa har zuwa 127, kuma tsawon wane lokaci aka riƙe shi. Saboda haka ana iya kaɗa abu sau ɗaya, daga baya a sauya shi daga sarewa zuwa molo ba tare da an sake kaɗawa ba.

A 1989 kamfanin Steinberg na birnin Hambog ya fito da Cubase. A 1991 kamfanin Digidesign na Amurka ya fito da Pro Tools, wanda layi huɗu kacal yake ɗauka, kuɗinsa kuwa wajen dala 6,000. A 1992 kamfanin Waves na Isra'ila ya fitar da Q10, mai daidaita kauri da siranta, wanda ake lissafa shi cikin fulogin na farko da aka kai kasuwa. Amma abin da ya buɗe ƙofar sosai shi ne tsarin VST da Steinberg ya ƙago a 1996, ya kuma bari kowane mai rubuta manhaja ya yi amfani da shi. Ma'anar wannan ita ce an yi soket iri ɗaya, don haka fulogin da wani ya rubuta a ɗakinsa zai iya shiga babbar manhajar wani kamfani dabam. Bugu na biyu na tsarin, a 1999, shi ya ba da damar cusa kayan kiɗa sukutum.

Har ila yau a ƙarshen shekarun 1990 wani mai suna Didier Dambrin ya rubuta wa kamfanin Image-Line wata 'yar manhajar jera bugun ganga mai suna FruityLoops, wadda aka sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003. Sauƙinta ne ya yaɗa ta, domin wanda bai taɓa koyon karatun kiɗa ba yana iya danna 'yan akwatuna a kan allo ya ji kiɗa ya tashi nan take. Wannan ita ce ta zama abokiyar aikin samari masu haɗa kiɗa daga Legas har Kano.

YADDA YA ISO ƘASAR HAUSA

Kiɗan lantarki ya riga kwamfuta zuwa wannan yanki. Tun a 1978 Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar ya ɗauki kaɗe-kaɗensa a birnin Yamai da wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya, kuma gidan rediyo da talabijin na ƙasar sun daɗe suna amfani da su tsakanin shirye-shirye. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da wannan aiki a 2013.

A Kano kuwa, fina-finan bidiyo ne suka jawo abin. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, masu shirya fim sun bukaci kiɗa mai araha wanda zai raka waƙoƙin soyayya irin na fina-finan Indiya. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan yadda fiyano ƙirar Yamaha, musamman jerin PSR, ya mamaye ɗakunan kiɗan Kano cikin shekarun 1990, har aka sami abin da jama'a ke kira kiɗan fiyano da waƙoƙin nanaye. Da kwamfuta ta yi araha sai aikin ya koma cikinta, fiyanon ya zama abin tura umurni kawai. Tasirin wannan salo ya haye iyaka, domin kuwa a Sakkwato ne Mdou Moctar, mai kaɗa jita ɗan Abzinawan Nijar, ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da irin kiɗan na'ura da gyaran murya da ake yi wa waƙoƙin Hausa a lokacin.

MAI GYARA MURYA

Babu fulogin da ya bar alama a waƙar Hausa ta zamani kamar Auto-Tune. Wanda ya ƙirƙiro shi, Dokta Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aiki da kamfanin man fetur na Exxon, inda ake tura sauti cikin ƙasa a nazarci yadda ya dawo domin a gane inda mai yake. Irin wannan lissafi ne ya juya ya yi amfani da shi wajen gane tsayin muryar mutum, kamfaninsa na Antares kuwa ya fitar da manhajar a 1997.

Yadda take aiki shi ne, tana auna inda murya take, ta duba matakin da ya fi kusa da ita cikin matakai 12 na ma'aunin kiɗan Turawa, ko kuma cikin waɗanda mai haɗa kiɗa ya zaɓa, sa'an nan ta ja muryar zuwa can. An yi ta ne domin ta yi gyara a ɓoye, a hankali, yadda ba mai ganewa. To, amma akwai wani maɓalli na saurin gyaran, in aka mai da shi sifili sai muryar ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki ba tare da ta bi ta tsakani ba. A 1998 aka yi wa mawaƙiya Cher haka a waƙarta mai suna Believe, duniya kuwa ta ji wata murya kamar ta ƙarfe. Abin da aka yi domin ɓoye aibi sai ya zama ado.

Ba a musun amfaninta. Ta rage yawan maimaita ɗauka, ta rage kuɗin haya, ta kuma ba masu baiwar tsara baiti waɗanda muryarsu ba ta da ƙarfi damar a ji su. Sai dai Hausa harshe ne mai karin sauti, abin da ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya ke nan, kuma gwanintar mawaƙin gargajiya tana cikin yadda yake jan murya yana gangarowa da ita sannu a hankali. In aka matsa gyaran, wannan gangara ce ke fara ɓacewa, ta zama matakala. Shi ya sa manya ke cewa muryoyin yaran yanzu duk iri ɗaya ne. Sau da yawa ba muryoyin ba ne iri ɗaya, maɓallin ne aka ajiye wuri ɗaya.

ABIN DA BABU A CIKIN AKWATIN

A nan ne babbar maganar take. A 1991 masu ƙera kayan kiɗa suka tsara wani jeri na sautuka 128 mai suna General MIDI, wanda kowane fiyano da ya bi tsarin dole a same su a cikinsa. An kasa su gida 16, kowane gida takwas. Gida ɗaya tak aka ware wa kayan kiɗan al'ummomi, ga kuma abin da ke ciki: sitar da shanai na Indiya, da shamisen da koto na Japan, da banjo na Amurka, da algaitar jaka irin ta Sikotlan, da gogen Turawa, da kalimba, watau ɗan akwati mai harsunan ƙarfe da ake kaɗawa da babban yatsa a kudanci da tsakiyar Afirka. Babu kalangu, babu kotso, babu kuntigi, babu gurmi, babu kakaki. Mai haɗa kiɗa da ke son algaita sai ya ɗauki shanai, tun da sun yi kama, mai son kukuma kuwa ya lallaɓa da gogen Turawa.

Ko da manyan kamfanoni suka waiwayi Afirka ta Yamma, ba nan suka fi dubawa ba. Kamfanin Native Instruments na birnin Balin, mai manhajar Kontakt wadda ta fito a 2002, yana da wani kundin sautuka na wannan yanki, amma abin da ke cikinsa jembe ne da dundun da kora da balafon da ngoni, watau kayan kiɗan Mali da Gini da Senegal. Ba laifinsu ba ne, kowa abin da ya sani da abin da zai sayar yake ɗauka.

Bugu da ƙari, kalangu ba abu ne mai sauƙin sawa a akwati ba. Makaɗi yana rataye shi ne a kafaɗa, yana matse tsirkiyoyinsa yana sassautawa, fatar na ɗamewa tana saki, sautin na hawa yana sauka bayan makaɗin ya riga ya buga. Ta haka ne yake bin karin harshe har a ce kalangu na magana. In aka ɗauki bugu ɗaya aka ajiye a kan maɓalli, an sami amon fatar, amma ba a sami maganar ba. Haka nan kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya ce a kan gwangwani, amma duk daɗinsa a yatsun mai shi yake.

Akwai kuma batun lokaci. FL Studio in an buɗe shi yana zuwa ne da akwatuna 16 a jere, waɗanda suka kasu huɗu-huɗu. Kaɗe-kaɗen gargajiya da yawa kuwa uku-uku suke tafiya, wani lokaci ma ganga ɗaya na yin uku ɗayar na yin biyu a lokaci guda. Ana iya sauya lissafin akwatunan, manhajar ba ta hana ba, amma wanda bai tashi cikin kiɗan ba ba zai san akwai abin sauyawa ba. Ta wannan hanya ce kunnen yaro ke sabawa da abin da ya tarar, har ya ɗauka shi ke nan kiɗa.

Abin ya taɓa aljihu kuma. Bikin da a da sai an kira makaɗan kalangu ko masu ƙwarya, yanzu sau da yawa mai lasifika guda ya isa. Kiɗa a ƙasar Hausa gado ne, ɗa ke karɓa daga uba, in kuwa sana'a ta daina ciyar da gida, ɗa ba ya tsayawa koyonta. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Hajiya Barmani Choge a 2013, kuma kowace shekara ana rasa wasu daga cikin waɗanda suka yi musu kiɗa.

KUƊI DA SATAR MANHAJA

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa yawancin manhajojin da ke yawo a ƙananan ɗakunan kiɗa ba saye aka yi ba, fasa makullinsu aka yi aka kwafa. Dalilin a fili yake. Da dala ake sayar da su, naira kuwa ta faɗi daga wajen 460 kowace dala a tsakiyar 2023 zuwa fiye da 1,500 a 2024. Amma arahar tana da nata kuɗin. Manhajar da aka fasa takan zo da cutar kwamfuta, takan tsaya cak ana tsakiyar aiki, aikin mako guda ya salwanta, kuma ba wanda za a kai wa kuka. Haka kuma mawaƙin da ke kukan ana kwafar waƙarsa ba a biya shi ba, bakinsa zai yi nauyi in da kayan sata aka haɗa ta.

Akwai hanyoyin halal masu sauƙi. Audacity, wadda ta fito a 2000, kyauta ce. Reaper, wadda ta fito a 2006, ta daɗe tana sayar da lasisinta dala 60 ga mai ƙaramin ƙarfi. Vital, fulogin mai ƙirƙirar sauti da ya fito a 2020, yana da bugu na kyauta. Shi kansa FL Studio, wanda ya saya sau ɗaya ba ya sake biyan kuɗin sababbin bugu.

ABIN YI

Darasin da ya dace a duba yana Afirka ta Kudu. Kaurin bugun nan da ya fito da kiɗan amapiyano, wanda ya karaɗe duniya har ya shigo waƙoƙin Nijeriya, an samo shi ne daga wani tsohon fulogin da ke zuwa tare da FL Studio, wanda ba a damu da shi ba sai da samarin unguwannin Johannasbag da Firitoriya suka murɗa shi yadda ya dace da kunnensu. Wannan ya nuna na'ura ba ta tilasta wa kowa, tana bin mai hannu ne in ya san abin da yake nema.

Mataki na gaba shi ne a sa kayan kiɗan Hausa cikin akwatin, kuma aikin ba ya bukatar gina masana'anta. Ɗaki marar hayaniya ake bukata, da makirufo mai kyau, da gwanin makaɗi. A ɗauki kowane bugu sau da yawa, da ƙarfi da sauƙi, a ɗame da a sake, a ɗauki jimlolin da kalangu ke faɗi sukutum, da taken sarakuna da na mahauta da na manoma, a rubuta sunan kowanne da garin da ya fito. Daga nan sai a jera su cikin Kontakt ko wata manhaja irinta. Jami'o'in da ke koyar da Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato, da gidajen rediyon da ke da tsofaffin faya-fayai, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, duk suna da abin da za su bayar.

Sai dai wajibi ne a rubuta yarjejeniya tun kafin a kunna na'ura, domin sautin da aka ɗauka yau za a yi ta amfani da shi cikin dubban waƙoƙi bayan mai shi ya kau. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi kariya ga masu wasa da kuma kayan al'adun gargajiya. Ya kamata makaɗin ya san nawa zai samu, a kuma sa sunansa a jikin kundin.

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, wannan gaskiya ne, kuma ba mai mai da samarin Titin Gidan Zoo zamanin faifan garmaho. Amma gwanayen kalangu da kotso da gurmi da suka rage tsufa suke yi, kuma abin da ba a ɗauka daga hannunsu ba yanzu, babu kamfanin da zai sayar da shi nan gaba ko da nawa ne.